Bayan Digirin Bayoloji

Yawancin yaran da na sani masu digirin bayoloji ba shi suka nema ba. Likitanci suka cike a JAMB, maki bai kai ba, jami'a ta tura su nazarin halittu. Su yi shekara huɗu, su gama bautar ƙasa, sannan su tarar ƙofar da suka fi sa wa rai a rufe take: a Najeriya, aikin gwajin jinin marasa lafiya na masu lasisin hukumar MLSCN ne, kuma digirin bayoloji kaɗai ba ya ba da shi. Abin yana damuna, domin da yawa ba sa jin wannan sai sun kammala.

Amma karatun bai faɗi ƙasa banza ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da ta cututtukan dabbobi a Vom, da NAFDAC, duk suna buƙatar irinsu, sai dai guraben kaɗan ne, kuma aikin bincike yakan nemi digiri na biyu. Ko a sana'a, mai kiwon tarwaɗa da ya san abin da ke ƙarar da iska a ruwan kududdufi ya fi maƙwabcinsa tsira da kifinsa. Koyarwa kuwa, da ake rainawa, ni ina ganin girmanta. Makarantun karkara suna kukan rashin malaman kimiyya, kuma shaidar koyarwa ta PGDE ce ke buɗe hanyar.

Malaman jami'a, don Allah ku faɗa wa ɗalibai wannan tun suna aji ɗaya.