Yaron da Ke Ci Ba Don Yunwa Ba

Duk lokacin da yaro ya yi kuka muka toshe masa baki da alewa ko biskit, muna koya masa cewa abinci ne maganin ɓacin rai. Da wannan darasi yake girma. Ranar da aka tsangwame shi a makaranta, sai ya laɓe a bayan ɗaki yana cin cincin hannu baka hannu ƙwarya, ya kasa dainawa, daga baya kunya ta rufe shi. Jiki ma yana da hannu, domin sinadarin kotisol da damuwa ke tayarwa yana ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince cewa irin wannan ci, idan ya zama jiki, cuta ce mai zaman kanta.

Wani zai ce a ƙasar da tamowa ke kashe yara, wannan matsalar 'ya'yan masu kuɗi ce. Ban yarda ba. Yaron da ba shi da tabbacin abincin gobe ya fi saurin ci har ya wuce ƙoshi. Ɓoye masa abinci da kiransa acici kuwa satar ci kawai suke koya masa. Iyaye, ku fara tambayarsa abin da ke damunsa, in abin ya tsananta ku kai shi asibiti.