Jeren Iya

A Aujara, idan an ce za a kai amarya, akan fara tambayar ko an gaya wa Iya kafin a tambayi ranar ɗaurin aure. Ita ce kakata ta wajen uba, kuma fiye da shekara arba'in ita ke yi wa 'yan matan unguwarmu jere. Ba ta karɓar ko kwabo. Goro biyu da ɗan turaren wuta sun ishe ta, in ma an matsa mata.

Ba ta san shekarar haihuwarta ba. Takan ce an kawo ta gidan kakanmu ana ciniki da sule da fam, kuma tana goyon mahaifina aka sauya kuɗi zuwa naira, wato 1973, shekarar da fari ya ƙone gonaki. Da waɗannan abubuwa take auna zamani. Ko ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, a wurinta shekarar da ta aurar da autarta ce kawai.

Ni kuwa kishiyarta ce, kamar yadda kowace jika mace take a wurin kakarta. Tun ina 'yar shekara bakwai nake riƙe mata tsumma idan za ta jere. Takan shiga ɗakin amarya ta tsaya shiru a tsakiya, ta dubi inda haske ke shigowa, sannan ta ce a kwance kaya. Manyan kwalla a ƙasa, langa a kansu, samira a bisa, kowace da murfinta, har jeren ya kusa taɓa rufi. Abin da ta fi kula da shi shi ne furannin da aka zana a jikin kwanukan, irin waɗanda masana'antun Kano ke bugawa. Ba ta yarda jan fure ya zauna kusa da jan fure ba. Sai ta raba su da shuɗi ko ruwan ɗorawa, ta juya kowane kwano har furensa ya fuskanci ƙofa. Tana iya sauke jere gaba ɗaya saboda kwano guda ya karkace. Faya-fayan da ta saƙa da kaba mai rini takan kafa su a bango a ƙarshe, ta soke reshen furen lalle a bayan na tsakiya, domin amarya ta kwana da ƙamshinsa.

Lallen nan nata ne. A bayan ɗakinta akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, inda ta dasa lalle biyu, ta kewaye su da yakuwa. Mutane suna shuka yakuwa don miya da zoɓo, ita ma haka, amma na sha ganin ta da sassafe a tsugune tana kallon furen, fari mai ɗan rawaya da jan ido a tsakiya, wanda ke buɗewa da hantsi ya yanƙwane kafin magariba. Da na gaya mata cewa zoɓon da ake tarawa a kasuwar Maigatari har Meziko ake kai shi, sai ta yi dariya ta ce ashe su ma suna da azumi.

Akwai wani ɓangare na aikinta da ba a faɗa a fili. Idan uwar amarya ba ta da hali, Iya takan je da daddare da kwanukanta a cikin buhu, ta cika jeren da su. Inda kayan suka gaza duk da haka, sai ta kifa ƙwarya a ƙasa, ta lulluɓe ta da ƙyalle mai kyau, ta ɗora kwanukan a kai, jeren ya yi tsawo kamar na kowa. 'Yan ganin ɗaki su zo su yaba su tafi. Bayan wata biyu ko uku, amarya ta maido da kayan aro a ɓoye. Ban taɓa jin Iya ta ambaci gidan da ta yi wa haka ba, ko da faɗa ya haɗa ta da matar gidan.

Na shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse, na dawo hutun farko da kaina cike da ra'ayi. Wata rana tana goge kwanukanta na ce mata wannan jere ɓarnar dukiya ce, ana tara abin da ba a ci a ciki, ana jefa iyaye cikin bashi don idon mutane. Har yau ina ganin akwai gaskiya a maganar; na san gidajen da aka sayar da gona saboda kayan ɗaki. Amma na faɗe ta da izgili, a gaban ƙannena, kuma na yi amfani da kalmar ƙauyanci. Iya ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "To, kishiya, Allah ya ba da ilimi mai amfani." Daga ranar ba ta ƙara kirana riƙon tsumma ba, ni ma ban nema ba.

A 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba, na yi wata takwas a gida. Daminar shekarar ta zo da ambaliyar da ta ci gidaje da gonaki a faɗin Jigawa. Wani dare a watan Satumba bangon ɗakin Iya na gabas ya jiƙe ya fara zubewa, muka shiga kwashe kaya da fitilar waya. Ni na kama jerenta, wanda na tashi ina gani tun ina rarrafe. Na sauke samira, na sauke langa, na kai hannu ƙasa inda manyan tasoshinta na tagulla suke, waɗanda ta gada daga mahaifiyarta. Hannuna ya taɓa ƙyalle. Na ɗaga, sai ga ƙore uku a kife.

Da gari ya waye na tambayi mahaifina. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce duk shekarar da kuɗin rajistata ya gagara, Iya ce ke cikawa. Ta fara da kuɗin zoɓo da tunkiyarta, da suka ƙare ta kira dillaliya. Ta sa shi ya yi alkawarin ba zai gaya mini ba. Da na lissafa, tasa ta farko ta bar ɗakin makonni kaɗan kafin hutun da na kira jerenta ƙauyanci.

Na same ta a zaure tana shanya faya-fayan da suka jiƙe. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta dube ni kamar ba ta gane ba, ta ce me na yi mata. Da na ambaci ƙoren, sai ta ɓata fuska, ta ce wa ya aike ni ɗaga ƙyallen mutane. Daga nan ta miƙo mini tsumma ta ce in goge langar nan, laka ta shiga murfin.

Ta rasu cikin hunturun da ya biyo baya, bayan ta tsinke zoɓonta na ƙarshe ta shanya. Ba ta ga ranar da na karɓi shaidar digiri ba.

Bara aka sa ranar 'yar ƙanwar mahaifina, gwaggo ta aiko a kira ni. Yanzu kuloli da tangaran ake sakawa a kabad mai gilashi, kwanukan fure kaɗan ne suka rage. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na dubi taga. Kayan ba su kai su cika kabad ɗin ba, gwaggo kuma tana tsaye a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. Na ce wa yaran su fita su ba mu wuri, na tura ƙanena gida ya ɗauko mini buhun da ke ƙarƙashin gadon Iya, ya biya ta bayan ɗaki ya karyo reshen lalle.