Ƙwadagon Alƙalami da Rudun Baba



Akwai tambayar da na fi tsoro a rayuwata, ba kuwa wata ba ce illa, "A ina kake aiki?" A wajenmu Sabiyal, cikin ƙaramar hukumar Aliero ta Jihar Kebbi, amsar wannan tambaya iri uku ce: ko kana gona, ko kana kasuwa, ko kana cin albashin gwamnati. Ni kuwa ba na cikin ko ɗaya. Ɗan ƙwadagon alƙalami ne ni. In an kawo rubutu in buga, in an kawo Turanci in mayar da shi Hausa, a biya ni, mu rabu. Ba ofis, ba fansho, ba ƙarshen wata.

Na fara ne da tsohuwar kwamfuta da ɗan janareto, ina buga wa ɗaliban jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 kundin kammala karatu. Abin yana tafiya har na soma jin kaina wani ne, sai ga annobar korona a 2020, aka rufe makarantu a watan Maris. Cikin mako guda garin ya yi tsit, ni ma aljihuna ya yi tsit. Na tattara komatsaina na koma gida, inda a dole na koyi neman aikin fassara ta intanet. Ranar da sabis ya ƙi, sai in hau kabu-kabu zuwa Jega in aika aikin da na kwana ina yi.

Baba manomin albasa ne, kuma bai taɓa gane wannan sana'a ba. Yakan leƙo ɗakina ya ce, "Kai yaro, wai mi kaka yi cikin ɗakin ga tun safe? Tsaranka duk sun samu aiki." In ce, "Baba, aiki nake yi." Ya girgiza kai ya wuce. Ba faɗa yake yi ba, tsoro yake ji, domin an riga an kai gaisuwar aurena, kuma iyayen yarinyar ma tambayar da suke yi ke nan.

Shekarar 2023 ce ta kusa karya ni. A farkonta ƙarancin takardun naira ya sa kuɗinka na banki amma ba ka iya sayen ko da sabulu. Ranar 29 ga Mayu kuma aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, janareto ya zama kayan ado. Ana cikin haka wani kamfani ya ba ni fassarar takardun wayar da kai kan lafiya, na yi mako uku ba barcin kirki, na miƙa. Daga ranar ban sake jin ɗuriyarsu ba. Wasu kuma suka fara cewa ai na'ura tana fassara kyauta, in dai gyara musu abin da ta yi su ba ni ɗan abin shan ruwa. Don tsoron zama haka nan, na riƙa karɓar kowane aiki a kowane farashi. Ga wahala, ga babu.

Wata safiya na yanke shawarar sayar da kwamfutar. Na sami Baba a wajen rudunsa, wato rumfar kara da ake ɗagawa daga ƙasa a adana albasa don iska ta riƙa ratsa ta. Ban ce komai ba, na tsuguna ina taya shi tsince ruɓaɓɓu. Can na ce, "Baba, kun yi gaskiya, zan bari."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka san abin da ya sa munka gina wanga abu? Lokacin girbi kowa na da albasa, ɗan kasuwa shi ka yanka farashi. Wanda yunwa ta kora shi ka sayarwa ranar. Mu da munka ajiye, sai ta yi wuya mu fito da ita." Ya ɗauki wata ruɓaɓɓiya ya jefar. "Amma ajiya ba barci ba ce. In ba ka duba ta kana fidda mai ciwo, guda ɗaya ta ishe ta kashe maka rudu."

Jama'a, a nan na gane kuskurena. Na ɗauka juriya ita ce mutum ya sunkuyar da kai ya karɓi duk abin da aka jefa masa. Ashe haƙurin manomin albasa haƙuri ne mai lissafi: ya san wani kaso zai ruɓe, ya san farashi zai faɗi kuma zai tashi, shi ya sa yake tanadi tun ana cikin yalwa.

Ban sayar da kwamfutar ba. Na gina nawa rudun. Duk kuɗin da ya shigo, ina cire wani kaso in manta da shi saboda watannin da waya ba ta ƙara. Ba na fara babban aiki sai an ba da kafin alƙalami, da yarjejeniya a rubuce. Masu son aikin banza na tsince su na jefar, ko da kuwa a ranar ba ni da na cefane. Na haɗa kuɗi a hankali na sayi ƙaramin faifan sola. Na kuma daina gasa da na'ura wajen sauri. Abin da nake sayarwa shi ne Hausar da tsohuwa a Maiyama za ta ji ta gane yadda za ta ba jikanta magani.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har gobe akwai watan da nake kwana ina lissafi. An dai ɗaura auren, alhamdu lillahi. Kwanan baya wani baƙo ya tambayi Baba aikin da nake yi, ina daga ɗaki na ji ya ce, "Noma shikai, sai dai gonarshi ba ta son ruwa."

Allah Ya sa wa nemanmu albarka, amin.