Abin da Teku Ke Bari Idan Ya Janye



Mu da muka taso a tudu, ruwan da muka sani shi ne kogi da tafki da kududdufi: damina ta cika su, rani ya ƙafar da su. Teku kuwa cikarsa da janyewarsa sau biyu ne a kusan awa 24 da minti 50, kuma wata ne ke jan sa. Mu da ke kwana duban jinjirin wata saboda azumi da salla, kaɗan ne cikinmu suka san cewa a kwanakin tsayuwar wata, da daren sha huɗu zuwa sha biyar, teku ya fi cika, ya kuma fi janyewa. A waɗannan ranakun ne duwatsun gaɓa suke fitowa fili.

Yawancinmu idan muka je Cape Coast ko Elmina a ƙasar Gana, ganuwar bayi muke zuwa gani, irin ta Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Daga nan sai mu juya wa ruwa baya, mu ɗauki hoto, mu hau mota. Da muka fara sauka kan duwatsu da sassafe bayan ruwa ya ja baya, sai muka tarar da abin da hoto bai taɓa nuna mana ba.

Kowane rami a dutse yakan riƙe ruwa, wani bai wuce faɗin ƙwarya ba. Da fari ba a ganin komai sai gansakuka. Amma in mutum ya tsuguna ya yi shiru na minti biyar, sai ya ga katantanwa ta miƙe tana tafiya da ƙafafu. Wata 'yar kaguwa ce mai taushin ciki ke zaune a kwanson da mai shi ya mutu, in ta girma ta nemi wanda ya fi shi. Akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya, maƙale cikin tsaguwar dutse. Akwai mai kama da fure, alhali dabba ce, da an taɓa ta sai ta tsuke. Duk suna jure zafin rana da ƙaruwar gishiri har ruwa ya dawo bayan awanni kaɗan.

A kan yashi kuma muka riƙa tsintar kwansuna, sai zancen wuri ya taso. Kalmar "kuɗi" da muke faɗa kullum asalinta jam'in wuri ce, wato kwanson wata dabbar teku. Da yawa daga cikin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ya fito. Da shi ake saye da sayarwa a Kano lokacin da Barth ya iso a 1851, kuma wuri 20,000 shi ake kira keso. Ashe mun daɗe da hulɗa da teku, ko da ba mu taɓa ganin sa ba.

Sai dai abin da ya fi yawa a bakin ruwan ba kwanso ba ne. Ledar fiya wata ce, da murafen robobi, da silifa ƙafa ɗaya, da guntayen koma. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kogin Kaduna da Gulbin Sakkwato duk a Neja suke zuba, Neja kuma a Tekun Atlantika. Haka kogin Bolta ke ratso arewacin Gana ya gangaro. Ledar da aka jefa a kwalbati da damina tana da hanyar da za ta bi har gaɓa.

Ga duk wanda tafiya za ta kai shi can, ga abin da muka koya. A tambayi masunta lokacin janyewar ruwa, su suka fi kowa sani. A sa takalmi mai kama ƙasa, domin gansakuka na da santsi, ƙayoyin kuma in suka shiga ƙafa karyewa suke yi a ciki. Kada a ba teku baya, igiya ɗaya ta isa ta ɗauke babba, balle yaro, kuma iya iyo a kogi ba ya ceton mutum a nan. Dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda yake, don gidan wasu ne. Kwanson da ke motsi a bar shi, in aka kai shi gida wari kawai zai yi. In an samu hali, a fito da leda ko da cikin buhu ɗaya ne.

Masuntan wurin da yawa ba sa fita su ranar Talata, sukan bar ruwa ya huta su gyara komarsu. Mu baƙi ne na yini ɗaya, bai kamata mu fi su ɓarna ba.

Wa ya taɓa zuwa gaɓar Legas, ko Limbe mai baƙin yashi, ko Bur Sudan? A gaya mana abin da aka gani. Allah Ya sa mu dace.