Shinge Biyu, Ɗaya Babu Ciyawa



Mu da muka tashi kusa da ruga mun san shingen ƙaya da ake tara shanu a ciki da dare. Wuri ne matsattse, kofato ya tattake ƙasarsa, ko tsiron ciyawa babu. A nan ake ƙirga shanu, a tatsi nono da safe, a cire musu kaska. Aikinsa tsaro ne daga ɓarawo da kura. Amma saniyar da ta wuni a ciki, da yunwa za ta kwana.

Akwai shinge na biyu, irin na cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya: fili mai faɗi da aka kewaye da waya, da ciyawa a ciki. Akan raba irinsa kashi-kashi. In shanu sun cinye wannan, sai a mai da su wancan, na farkon ya huta ya sake toho. Dukansu biyu suna da iyaka. Abin da ya raba su shi ne na biyun yana ciyarwa.

Wannan ya shafe mu, iyaye da shugabannin ikilisiya. Mun iya kafa shinge: kada ka je can, kada ki bi wance, ajiye wayar nan. Dokokin suna da amfani, gama dare yana da kuraye. Amma yaron da ba ya samun komai a gida da zumunta sai "kada", yunwa za ta sa ya tsallake, kuma abin da ya fara tararwa a waje shi zai ci. Wasu da muka rasa a kujerun sujada, yunwa ce ta fitar da su.

A Yohanna sura 10, Yesu ya kira kansa ƙofar tumaki, ya kuma haɗa tsaro da samun wurin kiwo. Mu ma mu haɗa su. Bayan kowace doka mu ajiye abinci: nazarin Maganar Allah da ake barin matashi ya yi tambaya, koyon sana'a, babban da zai saurare shi.

Ku kuma matasa, kafin ku tsallake shinge, ku duba ko akwai ciyawa a ƙarƙashin ƙafarku.

Ya Ubangiji, Makiyayi Mai Kyau, ka tsare mu, ka kuma ciyar da mu. Amin.