Kofin da Ba Mu Ɗaga Ba

A wata liyafar ciniki a Yawunde, mai masaukinmu Bafaranshe ya jera kwalaben giyar inabi: ja da ta shekara 20 a ajiye, da mai zaƙi, launin zuma, daga yankin Bordo. Da aka zo kanmu muka dafa ƙirji, muka ce addini ya hana. Gabanmu ya faɗi, muna tsoron cinikin ya rushe. Sai ya sa aka kawo mana shayi, ya ba mu labarin mai zaƙin.

Hazon safiya ne ke sa fumfuna ta kama inabin, ruwansa ya ƙafe, zaƙin ya taru. Masu tsinka sukan zaga gonar sau da dama, suna zaɓen wanda ya kai. A 2012 amfanin bai gamsar ba, gidan Château d'Yquem ya haƙura, bai fitar da ko kwalba ɗaya da sunansa ba.

Ba mu ɗanɗana ba, amma mun koma unguwa jikinmu a sanyaye, muna tuna huhun goron da wasunmu ke shiryawa: daushe a sama, mai sankara a ƙasa.