Zongon Kumasi: Ina Takardun Kakanninmu Suke?

A wannan wata Zongon Kumasi za mu zaga, amma ba don cin kasuwa ba. Sawun takardu za mu bi.

Duk baƙon da ya sauka a Kejetia ya ce a nuna masa Zongo, ba sai an haɗa shi da ɗan rakiya ba. Ya dai fuskanci gabas, ya bi kunnensa da hancinsa. Kafin ya ratsa Alabar zai ji Tuwi ta fara ja da baya, Hausa tana karɓar hanya. Zai ji ƙanshin koko da ƙosai in da safe ne, in da rana ne ga masu shinkafa da wake da tuwon zafi, da yamma kuma hayaƙin masu tsire ya tashi. Daga nan sai Akwatiya Layin, da Yalwa, da Sabon Zongo, da Asawase, har Aboabo, ga babban masallaci da aka sake wa fasali aka buɗe a 2023. A lungu ɗaya za ka tarar da Bahaushe, da Bamoshe, da Badagombe, da Bawangare, da Bazabarme, da Kotokoli, da Bafulatani, da Bayarabe, kowa da harshen gidansu, amma in an zo ciniki ko gaisuwa ko faɗa, da Hausa ake yi.

Sunan kansa labari ne. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana kafin ya wuce. To, wannan ayari ya sauke kaya yau fiye da shekara 120, bai kuwa wuce ba. An haifi 'ya'ya, an haifi jikoki da tattaɓa-kunne, amma har gobe akwai masu kallon mutumin Zongo a matsayin baƙon da zai tashi da asuba. Shi ya sa tambayar nan take da nauyi: a ina aka rubuta tarihin wannan wuri, wa ya rubuta, kuma a hannun wa yake?

Mu fara da na nesa. Tun kafin a kafa Zongon da muka sani, akwai Musulmi a Kumasi. Bature Thomas Bowdich ya tarar da su a 1817, Joseph Dupuis kuma a 1820, suna zaune kusa da tsohuwar fada a zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu. Babbansu shi ne Malam Muhammadu al-Gamba, wanda aka fi sani da Baba, mutumin ƙasar Mamprusi. Yawancinsu daga Gwanja da Dagomba da Mamprusi suke. Su ke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, su ke yi wa mayaƙa layu. Zuriyarsu ce ake kira Asante Nkramo, kuma har yanzu limancinsu yana haɗe da fada.

Rubutun waɗannan malamai yana nan, amma ba a Kumasi ba. Yana Babban Ɗakin Karatu na Sarauta a Kopenhagen, ƙasar Danmak, ƙunshi uku, warƙa kusan 900. Masana tarihi sun danganta zuwansu can da yaƙin Katamanso na 1826, kusa da Dodowa, inda rundunar Asante ta sha kashi a hannun taron dangin mutanen gaɓar teku da Ingilishi da Turawan Danmak. Akasarin takardun addu'o'i ne da hatimai da laƙani, amma a cikinsu akwai wasiƙun da malaman Kumasi suka yi musaya da 'yan uwansu na arewa. Nehemia Levtzion ya yi nazarinsu a shekarun 1960, David Owusu-Ansah kuma ya fitar da littafi a kansu a 1991. Ka ga kayan da aka tafi da su fagen fama don tsari sun zama mafi tsufan shaidar karatu da rubutu a wannan birni.

Su kuwa Hausawa, goro ne ya jawo su. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan haɗa ayari a ƙarƙashin madugu, su ɗora wa jakuna kanwa da turkuɗi da kirgi da saƙi, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu su biyo ta Yandi, tafiyar watanni. Akwai kuma bayi a cikin hajar wancan zamani, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai a mafi yawan ƙarni na 19 fatake ba sa isowa Kumasi. Tonawa, kamar yadda kakanninmu ke kiran Asante, sun tsare hanya, sun ce ciniki a Salaga za a yi. A can ake ɗaure huhun goro a juya gida. Shi ya sa har yau a ƙasar Hausa in an ce wani ya tafi Gwanja, an san ya yi nisa.

Abubuwa uku suka buɗe ƙofar Kumasi. Ingilishi sun ƙone birnin a 1874, ƙarfin Asante a kan arewa ya karye. Yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete-Karachi da Yeji da Kintampo da Akra. Sannan aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Cikin sojojin da Turawa suka shigo da su akwai 'yan arewa da yawa waɗanda ake yi wa kuɗin goro a kira su Hausa, kuma wasunsu a nan suka ajiye bindiga suka zauna. Da jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, sai goro ya fara bin teku zuwa Ikko, jakuna suka huta. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya kafin ya koma Kano ya shahara a cinikin gyaɗa. Koko ya kawo leburori daga ƙasar Moshi, mahauta da dillalan shanu suka biyo, Zongo ta cika ta tumbatsa.

Mutum ɗaya ya ga wannan juyin zamani da idonsa ya kuma rubuta shi, wato Alhaji Umaru na Kete-Karachi. A Kano aka haife shi wajajen 1858, ya yi karatu a Sakkwato, ya zauna Salaga, ya ƙare a Karachi inda ya yi limanci har rasuwarsa a 1934. Ya tsara littafi kan yadda ake rubuta wasiƙa, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar mura ta 1918. Ya kuma rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich dogon bayani da ajami a kan ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta. Almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan, har da Kumasi, kuma da yawa daga cikin malamanmu salsalar karatunsu gare shi take komawa. Duk da haka, matashin Aboabo da ke son karanta wancan bayani yau, zai fi saurin samunsa a fassarar Turanci da Douglas Ferguson ya yi a jami'ar Kalifoniya a 1973 fiye da samunsa da Hausar da aka rubuta shi.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin damuwa a tsohuwar takarda? Dattawanmu sun san amsa. A 1957, shekarar samun 'yancin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Zongon Kumasi masu goyon bayan 'yan hamayya, zuwa Najeriya. Sun kai ƙara cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, shari'ar ta mutu. Bayan shekara 12, a watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutane fiye da 100,000 suka fita, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Ran nan wanda ya iya nuna takarda ya kwana a ɗakinsa, wanda ya ce kowa ya san kakana ya hau babbar mota. Enid Schildkrout, wadda ta zauna cikin Moshin Kumasi a shekarun 1960, ta bayyana rayuwar Zongo ta wancan lokaci a littafinta na 1978.

An taɓa yin yunƙurin tattara abin da muke da shi. Da aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a jami'ar Legon a farkon shekarun 1960, shugabanta Thomas Hodgkin da masanin tarihin Asante Ivor Wilks suka ɗauki aikin neman rubuce-rubucen Larabci da ajami. Wanda ya taka ƙasa ya shiga zaure-zaure shi ne Alhaji Usman Ishaƙa Boyo. Malamai sun yarda da shi don nasu ne. Yakan ari littafi, a kai Legon a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Ta haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce, har da tarihin Gwanja da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 18, wanda Wilks da Levtzion da Bruce Haight suka buga a 1986. Wilks ya koma jami'ar Northwestern a Evanston, kusa da Shikago, ya fitar da babban littafinsa kan Asante a 1975, ya rasu a 2014. Takardun bincikensa da hirarrakin da ya yi da dattawa suna ɗakin karatu na Herskovits a can. A wannan ɗaki kuma aka ajiye littattafan Malam Umaru Falke, falken Kano da ya rasu a 1962, guda fiye da 3,000.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka an yi wani mutum, Lyman Draper, wanda ya rayu daga 1815 zuwa 1891. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawo gida-gida wurin tsofaffin da suka ƙetare duwatsun Allegheny suka kafa garuruwa a bakin iyaka, yana rubuta abin da suka tuna, yana karɓar wasiƙu da taswirori daga hannun jikokinsu. Yawancin littattafan da ya yi niyyar rubutawa bai gama su ba. Amma abin da ya tara, kundi kusan 500, yana hannun Ƙungiyar Tarihi ta Wiskonsin a birnin Madison, kuma duk mai neman labarin Daniel Boone ko farkon Kentaki sai ya bi ta kansa. Takardun sun bar garuruwan da suka haife su, amma sun tsira daga gobara da ɓera. Darasin a fili yake: tsoho ba ya jiran mai alƙalami ya shirya.

Yanzu mu dawo gida. A Kumasi akwai ma'ajiyar takardu ta fadar Manhyia, akwai kuma reshen ma'ajiyar gwamnati a harabar Cibiyar Al'adu. A irin waɗannan wurare ne ake samun fayilolin zamanin Turawa a kan sarautar Zongo, kamar ta Malam Sallau wanda ya riƙe ta daga 1919 zuwa 1932, da rigingimun limanci da na filaye. Ƙofa a buɗe take, amma 'ya'yan Zongo nawa ne suka taɓa shiga? Sannan akwai ma'ajiya ta uku, wadda ta fi kowace girma, ta kuma fi kowace shiga haɗari. Ita ce adakar da ke ƙarƙashin gadon kaka, da gafakar da ke rataye a zauren malam. A ciki akwai wasiƙun ajami daga Katsina da Jega, da lissafin bashin goro, da takardar sayen gida, da ijazar karatu mai jerin sunayen malamai, da fasfon aikin hajji ta ƙasa. Gara tana ci, damina tana jiƙawa, rafin Aboabo in ya cika ba ya tambayar abin da ke cikin akwati. In mai gida ya rasu, magada sukan raba fili da kuɗi, takardu kuwa a ce tarkace ne, ko a ƙone su don gudun kada sunan Allah ya faɗi ƙasa. Niyyar mai kyau ce, asarar kuwa ba ta da magani.

Abin yi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ɗaga adaka daga ƙasa, a raba ta da bango mai laima. Kada a manna wa tsohuwar takarda salatif, kada a kai ta a rufe da roba mai zafi, don in an yi haka ba a iya gyarawa. Kada a warware ƙunshi a cakuɗa warƙoƙi. Yaron gida mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi da hasken rana, ya rubuta sunan mai shi da inda ya samo shi, a ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya. A nemi malamin da ya iya karanta ajami tun yana da sauran gani, ya karanta a naɗi muryarsa. Kuma a zauna da tsofaffi mata, don su suka fi sanin wa ya auri wa, wa ya zo daga ina.

A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan sun kawo wa Manhyia aron kayan sarauta 32 da aka kwashe a zamanin yaƙe-yaƙe, wani gidan tarihi na Los Anjalis kuma ya mayar da guda 7 kyauta. Garin nan ya yi murna, mu ma mun taya. Sarkin Zongo da sarakunan ƙabilu da limamai su ma suna da abin nema, kuma nasu ya fi sauƙi, tunda hoto kawai za a roƙa daga Kopenhagen da Evanston da Legon, a ajiye a ɗaki guda kusa da babban masallaci inda ɗalibi zai shiga ya karanta. Amma kafin mu roƙi na hannun wasu, sai mu fara tsare na hannunmu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba na baya ikon riƙe amana.